Ranar Sakkwato Ba Ta Koya wa Mai Keke Hawan Dutse

Mu mutanen Sakkwato muna da tinƙaho da zafin garinmu, kuma muna da hujja, domin daga watan Maris zuwa Mayu ba abin mamaki ba ne ma'aunin zafi ya haura digiri 40 kwanaki a jere. Saboda haka duk lokacin da hira ta biyo ta kan gasar kekuna ta Faransa a tsakanin mu masu tuƙa keke na dogon zango, sai an sami wanda zai ce mutumin da ya iya fita daga Sakkwato zuwa Boɗinga ko Tambuwal a cikin bazara, babu abin da duwatsun Turai za su yi masa. Ban yarda da wannan magana ba. Zafin da muka saba da shi a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya daban yake da zafin da mutum yake haɗuwa da shi a tsakiyar hawa, ko da kuwa ma'auni ya nuna lamba ɗaya.

Dalilin yana cikin jikin mahayin kansa. Daga cikin ƙarfin da jiki yake ƙonawa a lokacin tuƙi, abin da yake isa ga feda bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ba, sauran kuwa duk zafi yake zama, wanda dole ne jiki ya fitar da shi ta hanyar gumi. Shi kuma gumi ba ya sanyaya mutum sai ya bushe a kan fata, ba ya kuma bushewa da sauri sai da iska. To, iskar da take sanyaya mai keke, mafi yawanta shi ne yake samar wa kansa ita da gudunsa. A kan hanyar Jega, idan kana tafiyar kilomita 28 ko 30 a cikin awa, iska tana kaɗa ka daga fuska har ƙirji, ko da rana ta take. Amma da zarar hanya ta miƙe sama, gudunka ya sauko zuwa kilomita 8 ko 10, aikin da ƙafafunka suke yi ya ƙaru, iskar kuwa ta ɗauke. A daidai lokacin da jiki ya fi samar da zafi, a lokacin ne aka ƙwace masa abin da yake fitar da shi.

Ƙasarmu ba ta da inda za ta koya mana wannan. Birnin Sakkwato yana kan tsayin da bai fi mita 300 ba daga matakin teku, kuma abin da muke kira hawa, kamar wanda ake yi daga gadar Kwalkwalawa idan an taso daga jami'a za a shigo gari, ko 'yan tuddan jar ƙasa da ke wajen Dange da Wurno, yakan ƙare tun kafin numfashi ya canja sosai. Abin da ya fi kusa da hawa a wurinmu shi ne fuskantar iskar hunturu da take bugowa daga arewa maso gabas, wadda takan tilasta wa mutum ya danna feda da ƙarfi na tsawon awa guda ba hutawa. Tana gina ƙafa, babu shakka, sai dai ita kanta iskar tana sanyaya jiki, don haka rabin darasin kawai take bayarwa.

Na ga sauran rabin a Hawan Kibo, a kan hanyar da ta taso daga Akwanga zuwa Jos, inda muka kai kekunanmu a mota a wani watan Afrilu domin mu gwada kanmu. A ƙasa, kusa da inda ruwan Assop yake zubowa, yanayin yana da nauyi da laima, ba irin busasshen zafinmu ba. Tun a lanƙwasa ta biyu ta hanyar na lura da abin da ban taɓa gani ba a gida: gumi yana ɗiga daga haɓata yana sauka a kan ƙarfen keken, ɗigo bayan ɗigo, yana shiga ido yana yaji, rigar kuma ta manne a baya ta ƙi bushewa. Wata tirela mai ɗauke da kaya tana rarrafawa a gabana, gudunmu kusan ɗaya, hucin injinta da na kwalta suna taso mini tare, kamar wanda aka tsayar a bakin tandun gidan burodi aka ce ya yi ta daka. Daga ɗaya hannun kuma ga ƙaurin birkin motocin da suke gangarowa. Abokin tafiyata, wanda a hanyar Illela ba na iya ganin ƙurarsa, ya sauka ya zauna a kan wani dutse, ya zuba wa kansa rabin gorar ruwa a ƙeya, ya ce ƙafafunsa lafiya lau suke, kansa ne yake sarawa. Jos tana kan tsayin kimanin mita 1,200, kuma tun da yake zafi yana raguwa da wajen digiri shida da rabi a kowace mita 1,000 da aka hau, sanyi yana nan a sama yana jira. Matsalar ita ce mafi wahalar aikin a ƙasa ake yin sa, inda babu wannan sauƙi.

Su kansu Turawan da tsada suka koyi wannan. Gasar Tour de France ta fara a 1903, a watan Yuli ake yin ta, wato tsakiyar zafinsu, kuma a 1910 aka fara shigar da mahaya cikin manyan duwatsun Firenis da ke tsakanin Faransa da Sifen, suka hau Tourmalet mai tsayin mita 2,115 a kan hanyar da ba kwalta. Amma dutsen da ya fi dacewa da zancenmu shi ne Ventoux, a kudancin Faransa, wanda tsayinsa ya ɗan haura mita 1,900. Daga garin Bédoin hawan ya kai kilomita 21, kuma 'yan kilomitocin ƙarshe babu bishiya ko ɗaya, sai farin dutse da yake mayar wa mutum da hasken rana a fuska. A nan ne Tom Simpson, ɗan Ingila mai shekara 29, ya faɗi kusa da ƙololuwa a ranar 13 ga Yuli, 1967, ya rasu. An sami ƙwayoyin ƙara kuzari da barasa a jikinsa, abubuwan da suke toshe wa mutum kunne daga jin gargaɗin jikinsa, ga shi kuma dokokin wancan zamani sun taƙaita ruwan da ake miƙa wa mahaya, har takan kai su ga faɗawa shagunan bakin hanya neman abin sha. Yanzu idan ka kalli gasar za ka ga ana cusa musu ƙanƙara a cikin safa ana saƙala ta a wuya, motoci kuma suna bin su da gorunan ruwa.

Ba ina cewa ranar Sakkwato ba ta da amfani ba ne. Jikin da ya saba da aiki a cikin zafi yana fara gumi da wuri, gishirin da yake zubarwa ya fi kaɗan, jininsa kuma ya fi yawa, abin da baƙo yake buƙatar kwana 10 zuwa 14 na horo kafin ya samu. Wannan jari ne da muka gada kyauta. Sai dai busasshen zafin namu yana da tasa yaudarar, domin gumi yana bushewa tun kafin ka gan shi, sai da yamma ka tarar da farin gishiri ya yi zane a kan riga da igiyar hular kwano. Mai keke yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a cikin awa, kuma idan ya rasa ruwan da ya kai kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa, ƙarfinsa ya fara ja da baya. Ruwa zalla kuma bai wadatar ba a doguwar tafiya, tun da wanda ya yi ta ɗura ruwan leda ba tare da gishiri ba yana iya tsinka gishirin jininsa har ya jawo wa kansa wata cutar. Ni abin da nake yi shi ne haɗin da ake koya wa iyaye mata a asibiti: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a gora ɗaya, ɗayar kuma ruwa kawai, sai dabino a aljihun baya.

Wani dattijo mai faci a bakin hanyar Boɗinga ya taɓa duban gorunana yayin da yake goga wa tayata gam, ya ce: "Ɗana, wagga rana ba a yi mata gardama. Mu da munka yi fatauci bisa Rali, da asuba muka tashi, hantsi na ɗagawa mu biɗi inuwa da hura, sai la'asar ta yi sanyi mu koma." Na ce masa, "Baba, ai har yanzu ba a sami dabarar da ta fi wannan ba." Fura da nono kuwa tana da kyau a wurin hutu, amma ba na sha'awar ta ga wanda zai shiga hawa nan take, saboda tana zama a ciki.

Alamar da ta fi ba ni tsoro ba ƙishirwa ba ce. Idan abokin tafiya ya fara magana ba kan gado, ko yana karkacewa a kan hanya, ko ya ce yana jin sanyi alhali rana tana dukansa, ba lallashi ake yi ba, sauke shi ake yi a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a nemi mota zuwa asibiti, domin zafin cikin jikinsa yana iya haura digiri 40.

Akwai kuma batun keken. Yawancin kekunan tsere na gwanjo da suke shigowa kasuwanninmu da manyan giya suke zuwa, waɗanda suka dace da fili. Wanda zai je dutse ya nemi mai haƙora 34 a gaba da 32 a baya, domin ya riƙa juya ƙafa da sauƙi maimakon ya tsaya yana turawa da ƙarfin tsiya. A gangara kuma, riƙe birki ba saki yana zafafa ƙarfen taya har iskar ciki ta fashe, don haka matsawa ake yi ana saki, ana haɗa na gaba da na baya.

Idan aka dubi Afirka za a ga inda mahaya suke fitowa. Asmara, babban birnin Eritiriya, tana sama da mita 2,300, kuma daga wannan ƙasa ne Daniel Teklehaimanot ya fito ya sa rigar gwanin hawa ta gasar Faransa na 'yan kwanaki a 2015, sannan Biniam Girmay ya ci zango uku a 2024 ya tafi da koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki a gasar. Ruwanda, wadda kusan duk tuddai ce, ta karɓi gasar kekuna ta duniya a Kigali a watan Satumba na 2025, karo na farko da aka yi ta a nahiyar. Wadda ta fi kama da yanayinmu ita ce gasar Burkina Faso da aka fara a 1987, fili da ƙura da rana, kuma a ganina can ne yaron Sakkwato zai fi saurin nuna kansa idan ya sami mai ɗaukar nauyinsa.

Wanda kuwa ya ƙudurta zuwa dutse daga nan, shawarata ita ce ya yi horon ƙarfinsa a watannin hunturu yana fuskantar iska a hanyar Kware, ya bar bazara ga gajerun fita bayan sallar asuba, ya kuma tambayi direbobin tasha halin tsaron kowace hanya kafin ya kama ta, musamman waɗanda suka yi gabas. In ya isa Hawan Kibo, ya kwana a kusa, ya fara hawa gari na wayewa, kafin manyan motoci su yi yawa kwalta kuma ta ɗauki zafi.