Abin da ke cikin kwalin ashana

Shekara biyu ke nan da muka cire 'yata daga lekol muka mayar da karatunta gida. Tana da sikila, kuma a shekarar da take aji CM1, wato aji biyar na firamare, kwanakin da ta yi a kwance sun kusa kai waɗanda ta yi a aji. Sanyin hunturu ya tayar da ciwon, zafin Garwa na Maris da Afrilu, wanda kan haura digiri 40, shi ma ya tayar. Da yake na koyar a firamare shekara shida kafin in koma ɗinki, sai maigida ya ce, "Tunda kin san hanya, ki riƙe ta a gida har ta ƙara ƙwari." Faransanci da tarihi da sauransu ba su ba ni wuya ba. Lissafi ne ya tsaya mini, kuma a inda ban taɓa zato ba, domin yarinyar tana da saurin ƙirga. Ninkawa tana bakinta kamar karatun allo, doguwar rabawa ma tana yi ba gargada.

Damuwata tana gaba. Daga CM2, ajin ƙarshe na firamare, sai siziyem, ajin farko na sakandare, kuma daga nan haruffa za su fara kutsowa cikin lambobi har a kai ga aljabara sosai. Wata safiya na rubuta mata wannan a allo don in gwada ta: 8 + 4 = __ + 5. Ko numfashi ba ta ja ba ta rubuta 12. Na ce ta sake dubawa. Ta goge, ta tara duka, ta rubuta 17. Jikina ya yi sanyi, don na gane a wurinta layukan nan guda biyu na alamar daidai ma'anarsu ɗaya ce: ga amsa nan tafe. Ba ta san suna nufin abin da ke hagu da abin da ke dama nauyinsu ɗaya ba ne. Kuma haka na koya wa 'ya'yan mutane shekara shida, in rubuta lissafi, in ja layi biyu, in ce "nawa ke nan?" Yaron da ya tashi a haka, ranar da ya ga harafi a ɓangarori biyu na alamar daidai sai ya tsaya cak.

Na shiga neman abin da zan ƙara mata a kan littafin aji. Da farko na sayo littafin atisaye mai lissafi sittin a kowane shafi. Ta yi shafi uku daidai, a na huɗu ta fashe da kuka, ta ce hannunta na ciwo. Ga mai sikila wannan magana ba a wasa da ita, amma na lura hannun ba ya ciwo idan za ta yi zane. Littafin yana maimaita mata abin da ta riga ta iya ne kawai.

Sai na koma waya. Na sauke wani wasan lissafi mai taurari da kiɗa, duk amsar da aka ci sai wata dabba ta yi tsalle. Ta kama shi hannu bibbiyu, takan yi awa guda ba ta ɗaga kai ba, ni kuwa na ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Bayan mako biyu na zauna a bayanta ina kallo. Amsoshi huɗu ake jera mata, tana dannawa ɗaya bayan ɗaya har ta dace. Taurari take tarawa, lissafin kuwa ko kallonsa ba ta yi. Daga ranar na samu ma'aunin da nake auna kowane abu da shi har yau: idan an rufe littafin, ko an kashe wayar, tambayar tana bin yarinyar zuwa tsakar gida? Tana dawo mini da ita lokacin da nake tuƙa tuwo? In ba ta biyo ta ba, to abin ya ɗebe mata kewa ne kawai, kuma ɗebe kewa muna da hanyoyinsa masu araha.

Akwai kuma wani tarko da ya shafe mu mutanen kan iyaka. 'Yar'uwata da ke aure a Yola ta aiko mana da littafin lissafi na can, mai kyau, mai hotuna. Amma na Turancin Ingilishi ne, kuma a cikinsa biyu da rabi ɗigo ake sa masa, 2.5, mu kuwa a tsarin Faransanci waƙafi muke sawa, 2,5. Waƙafin nasu kuma shi ke raba dubbai, sai yarinya ta ga 1,250 ta karanta ɗaya da kwata alhali dubu da ɗari biyu da hamsin ake nufi. Yadda ake jera doguwar rabawa ma ya bambanta. Tunda jarrabawar CEP ta kammala firamare da ta shiga siziyem da Faransanci za ta rubuta su, na ajiye littafin a wurina, ina ɗauko tambayoyinsa masu daɗi ina sake rubuta mata su da tsarinmu.

Ƙofar ta buɗe ne a kasuwa, a shagon yayana. Wata mata ta tambayi kuɗin kaya, ya ce dala tamanin, matar ta ce ita ba ta gane lissafin dala. Kafin ya buɗe baki yarinyar ta ce da Faransanci, sefa ɗari huɗu ne. A kan babur muna komawa na ce mata, "Yaya aka yi kika sani?"

"Inna, ai kowace dala sefa biyar ce."

"To in ban faɗa miki ko dala nawa ba ce fa?"

"Ko nawa ce, sau biyar za ki yi."

Wannan "ko nawa ce" da ta faɗa shi ne harafin da nake jin tsoron ranar da za ta gamu da shi. Kusan duk ɗan da ya tashi a wajenmu yana juya dala zuwa sefa, da sefa zuwa dala, tun kafin ya iya rubuta sunansa. 'Yan'uwanmu na Injamena ma haka suke yi da riyal idan suna ciniki da Larabci. Da muka isa gida muka ja layi a kaye, wato littafin rubutu, dala a hagu, sefa a dama: 20 da 100, 100 da 500, 200 da jaka guda. A ƙasa na rubuta d, na ce ta cika gefensa. Ta yi shiru, sannan ta rubuta 5 × d. Tun daga nan na ɗauki ƙa'ida: kowace tambaya sai ta warware mini ita da Hausa, da baki, kafin ta rubuta da Faransanci. Abin da ba ta iya faɗa da Hausa ba, na san haddace shi ta yi.

Maganin alamar daidai kuwa kwalin ashana ne. Na tara kwalaye da tsinkayen da aka riga aka ƙyasta. Sai in ja layi a tsakiyar tabarma, in ajiye kwali biyu da tsinke uku a hagu, kwali ɗaya da tsinke bakwai a dama. Sharaɗi biyu ne: abin da ke cikin kowane kwali daidai yake da na ɗan'uwansa, kuma jimillar hagu daidai take da ta dama. Ba a buɗe kwali sai an faɗi abin da ke ciki. Kwana biyu tana kintace kawai. A rana ta uku ta kwashe tsinke uku daga nan, uku daga can, ta ɗauke kwali ɗaya daga kowane gefe, ya rage kwali guda yana fuskantar tsinke huɗu. Ta buɗe, ta ƙirga, huɗu ne cif. Ihun da ta yi sai da maƙwabciya ta leƙo. Ban rubuta mata 2x + 3 = x + 7 ba sai bayan wata guda, kuma da ta gani cewa ta yi, "Wannan ai kwalayenmu ne."

Mahaifina yana cikin malaman da ake kira rabon gado a unguwarmu. Wata Juma'a ya same mu a kan tabarmar ashana, ya zauna yana kallo, sai ya ce, "Amaryata, zo in ba ki na manya." Ya ce mutum ne ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiyarsa, da ɗa namiji da 'ya mace, mahaifinsa kuwa ya riga shi. Matar tana da tumunin takaba, ɗaya cikin takwas. Mahaifiya tana da sudusi, ɗaya cikin shida. Saura na 'ya'ya, namiji ya ɗauki ninkin na mace. Ya tambaye ta kashi nawa za a yi wa dukiyar yadda za a iya fitar da tumuni da sudusi ba tare da an karya kaso ba. Wannan shi ne darasin da na yi wata biyu ina fama da ita a kansa a littafi, neman lambar da 8 da 6 duka suke shiga. A bakin kakanta, da matar mamaci da tsohuwa suna jiran haƙƙinsu, ta nemo 24 da kanta: mata uku, mahaifiya huɗu, saura 17. Sha bakwai kuwa ba ta rabuwa uku. Ya bar ta da shi ya tafi masallaci.

Ta yini da tambayar. Bayan la'asar ta ce a ninka komai sau uku, ya zama 72: mata tara, mahaifiya 12, saura 51. Sannan ta ɗauko kwalaye uku, ɗaya na mace, biyu na namiji, ta ce kwali uku 51 ne, don haka kowane 17 ne, namiji 34. Malam ya dawo ya ji, ya dafa kanta, ya sa mata albarka.

A nan ne na ba ta labarin Alkhawarizmi, wanda ya zauna a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, ya rubuta wani littafi wajen shekara ta 820, daga sunan littafin ne kalmar aljabara ta fito. Jabru a Larabci ɗori ne, irin wanda ake yi wa karaya. Muƙabala kuwa, kalma ta biyu a sunan littafin, ita ce abin da ta yi a tabarma, a cire abu iri ɗaya daga ɓangarorin biyu. Babu harafin x ko ɗaya a ciki, da zance ya rubuta komai, abin da ba a sani ba ya kira shi "shai'u", wato abu. Kuma babban kaso na littafin a kan gado da wasiyya yake. Na ga yadda wannan ya sauya mata zama. Da tana ɗaukar lissafin haruffa kayan Nasara ne da ake shiga da takalmi, sai ga shi aikin kakanta ne.

Malam ne kuma ya zana mata hatimi mai gida tara, lambobi daga 1 zuwa 9, kowane layi ya tashi 15 ko ta ina aka bi. Ƙirgar kawai muka ɗauka daga ciki. Wani malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, ya yi rubutu a kan yadda ake gina irin waɗannan a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Cika hatimin bai ɗauke ta lokaci ba. Tambayar da ta riƙe ta mako guda ita ce me ya sa dole 5 ce a tsakiya. Mun kai ga cewa lambobin duka 45 ne, layi uku, kowane 15. Sai na nuna mata layuka huɗu da ke ratsa tsakiya, jimillarsu 60, sun taɓa kowane gida sau ɗaya, na tsakiya kuma sau huɗu. Rarar 15 ɗin nan ta gidan tsakiya ce sau uku. Ta sa kwalin ashana a gidan, ta ce biyar.

Lambobin ƙasa da sifili na bi da su ta littafin bashi na shagon kawunta, domin misalan da ke cikin littattafan Faransa na ƙanƙara ne da sanyin da ya sauka ƙasa da sifili, abin da ɗan Garwa bai taɓa ji a jikinsa ba. Kana da 500, ana bin ka 800, ina ka tsaya? Wannan kowa ya sani. Wayar ma ban yar da ita ba. Shafin koyo na Khan Academy kyauta ne kuma yana da darussa da Faransanci, nakan buɗe mata bidiyo ɗaya idan na ga bayanina ya ƙi shiga, mu kalla tare, mu tsayar, ta faɗa mini abin da za a yi gaba kafin mai bayanin ya faɗa. Manhajar zanen lissafi ta GeoGebra kuwa na ajiye ta sai mun kai zanen kusurwoyi. Littafin atisayen nan kuma minti goma ne da safe, lissafi shida da na zaɓa da hannuna, don hannu yana bukatar sabo.

Ranakun ciwo ba na tayar da ita. Amma tambayar baki ba ta bukatar zama ko riƙe biro, kuma sau da yawa ita ce ke cewa daga kwance, "Inna, ba ni ɗaya." Yanzu ma ita ke shirya wa ƙaninta kwalayen, wanda ya fi warwarewa wuya, don sai ka san amsar kafin ka ɓoye ta. Shekaranjiya ta jera masa kwali biyu a hagu, tsinke bakwai a dama. Ya gwada uku, ya gwada huɗu, ya zo wurin keken ɗinki yana cewa Yaya ta yi masa magudi, ba zai yiwu ba. Na taso na duba, ni ma na ɗauka kuskure ta yi wajen ƙirga. Ta ce mu buɗe. A cikin kowane kwali akwai tsinke uku da rabin tsinke, ta karya tsinke ɗaya gida biyu tun da safe ta raba musu.