Filasmid ɗin p53 da aka aiko mana kyauta

Aikin bai da wuya a takarda. Zan saka lafiyayyen p53, ƙwayar gadon da furotin ɗinta ke hana kansa, a cikin ƙwayoyin H1299, na kansar huhu waɗanda ba su da p53 nasu, in ga sun daina rarrabuwa, sannan in gwada magani a kansu. Filasmid ɗin, wato ɗan zoben DNA da ke ɗauke da ƙwayar gadon, wani ɗakin bincike ne ya aiko mana, an rubuta a jikin bututun cewa lafiyayye ne, babu sauyi ko ɗaya.

Ƙwayoyin suka karɓe shi, suka ci gaba da yaɗuwa abinsu har suka cika faranti. Na duba furotin ɗin p53, layin da ke nuna yawansa a gwajin ya fito baƙi wuluk, mai kauri, irin wanda ake nuna wa shugaban ɗakin bincike da fara'a. Amma furotin ɗin p21, wanda p53 ke tayarwa don ya tsayar da rarrabuwa, ko motsi bai yi ba. Watanni ina canza ruwan reno da sinadaran gwaji, har na fara zargin ƙwayoyin kansu. Da aka karanta jerin haruffan filasmid ɗin, sai ga harafi ɗaya a gurbi na 175, G ya koma A, tubalin furotin mai suna arginine ya zama histidine. R175H ke nan, ɗaya daga cikin sauye-sauyen p53 da aka fi samu a jikin masu kansa.

Ashe layin nan mai kauri kyan ɗan maciji ne. Lafiyayyen p53 ba ya daɗewa, domin shi da kansa yake tayar da wata furotin mai suna MDM2, ita kuma ta sa a rushe shi. Gurɓataccen ba ya iya tayar da ita, sai ya taru jibgi. Duk wanda ya ga p53 ya yi yawa haka a ƙwayoyin da ke cikin walwala, to ya tsaya ya sake dubawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wannan ramin an daɗe da sanin inda yake. A 1979 David Lane da Lionel Crawford a Landan, da Arnold Levine da Daniel Linzer a Princeton, suka gano furotin ɗin. Kusan shekara goma ana ɗaukarsa mai haddasa kansa, saboda kwafin da ɗakunan bincike ke amfani da su yawanci gurɓatattu ne ba a sani ba. A 1989 Suzanne Baker, tana ɗaliba a ɗakin binciken Bert Vogelstein a Johns Hopkins, ta duba kansar hanji inda wani yanki na kuromosom na 17 ya ɓace. Ta karanta kwafin p53 da ya rage, ta tarar shi ma ya lalace, kamar yadda hasashen bugu biyu na Alfred Knudson na 1971, wato sai kwafi biyun duka sun lalace, ya nuna za a gani in ƙwayar gadon mai hana kansa ce. A shekarar ce ɗakin Levine ya nuna lafiyayyen p53 yana danne rikiɗewar ƙwayoyi. Yau an san kusan rabin kansar ɗan Adam na ɗauke da sauyi a wannan ƙwayar gado.

Da na koma takardar Baker, sai na ga ɗaya daga cikin sauye-sauye biyu da ta ruwaito shi ne na gurbi na 175. Wanda ke cikin firijinmu da lakabin lafiyayye! Ina ambaton aikinta a gabatarwar rubuce-rubucena, alhali bututun da ke hannuna ba wanda ya karanta shi.

Shawarata ga mai fara aiki da p53: duk filasmid ɗin da ya shigo hannunka, ko daga wa ya fito, a karanta shi daga farko har ƙarshe kafin ya taɓa ƙwaya ɗaya. Kuɗinsa bai kai na kwalbar ruwan reno da za ka ɓata ba. Kuma ka duba p21 tun makon farko, kada ka tsaya ga ganin p53 kawai.

Na rubuta wa waɗanda suka aiko shi. Amsarsu layi biyu ce, wai mai yiwuwa an haɗa bututai ne lokacin da wani ɗalibi ya tafi. Ba su ce komai ba game da sauran ɗakunan da suka aika wa. Da na samo lafiyayyen na gaske, ƙwayoyin suka ƙi rayuwa da shi sam, dole na koma tsarin da ake kunna ƙwayar gadon da maganin doxycycline a lokacin da ake so.