Motar da aka ce ba ta shan mai

Yaya ne ya yaɗa maganar a gida, wai na sayi mota a Kanada wadda ba ta shan fetur, da lantarki kawai take tafiya. Hoto na tura a zauren WhatsApp na gidanmu, motar tana tsaye cikin dusar ƙanƙara, waya ta fito daga hancinta zuwa soket ɗin bango. Awa 7 ke tsakaninmu, don haka kafin in farka labari ya kai wajen surukansa a Malumfashi. Daga ranar lissafin kowa ya canja: mutum yana tasi, ba ya sayen mai, ai duk abin da ya shigo riba ce.

To wayar nan ba caji take yi ba. Motata ta hannu ce, irin mai haɗin injin fetur da batir, kuma batirin da kansa yake cika in ana tafiya ko an taka burki. Wayar ta wata 'yar hita ce da aka dasa a jikin injin. A nan Winifeg da wuya ka ga mota ba ta da ita, har filayen ajiye motoci an jera musu sandunan soket. Sanyi na wuce 15 ƙasa da sifili sai a jona, in ba haka ba baƙin mai ya yi kauri, injin ya tashi da kyar ko ya ƙi gaba ɗaya. Maƙwabcina, wani dattijo ɗan asalin Yukren, shi ya ce in daina barin ta a jone dare guda, awa uku zuwa huɗu sun isa. Ya ba ni agogon da ke kunna wutar da kansa ƙarfe 2 na dare, ya ƙi karɓar ko sisi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne a watan Janairu motar nan shan mai take yi ba wasa. Ɗumin cikin mota daga ruwan lagireto yake zuwa, ruwan kuwa injin ne ke dafa shi. Ita kuma dabararta ta kashe injin duk inda ta samu sarari, a danja ko a cunkoso. Da zafi abin sai hamdala. Da sanyi kuwa, injin na mutuwa ruwan zai fara hucewa, sai kwamfutar motar ta sake tayar da shi, ba don tafiya ba, don ɗumi kawai. Abin da nake sha kusan lita 5 a kilomita 100 sai ya haura 7. Fasinja kuma ba ruwansa, yana shigowa zai ce a ƙara hita.

In ni kaɗai ne sai in rage ta, in kunna ta kujera, in bar safar hannu a hannuna. Wani bakanike ɗan Filifin ya cusa mini soson da ake rufe bututun ruwa da shi a ragar gaban motar, ta ƙasa, don iska ta rage dukan lagireto, ya ja mini kunne in cire da zarar gari ya fara sassauci. Kullum da safe kafin in kunna sai na duƙa na yashe ƙanƙarar da ta taru a bakin salansa, don hayaƙin in ya komo ciki kisa yake yi ba tare da ka ji wari ba.

Akwai asubar da ma'auni ya nuna 32 ƙasa da sifili, motar ta tashi bugu ɗaya, na hau titin Portage ina jin kaina. Ni ne fa wanda hunturun Funtuwa ke hana shi fitowa daga bargo sai an hura gawayi a kasko. Amma wa zan gaya wa? Magariba tana yi wajen huɗu da rabi, a cikin motar nake cin abinci, wata rana in wuni ban furta kalmar Hausa ko ɗaya ba.

Na yi wa Yaya duk wannan bayani a saƙon murya mai tsawo. Amsarsa: "To ai nan babu ƙanƙara, ka fara tara mini kuɗin tawa motar." Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba shi da wata magana sai ta fetur, kuma ban iya cewa bai yi gaskiya ba.

Inna ce kaɗai ba ta shiga lissafin ba. Da na nuna mata motar a bidiyo dariya ta yi, ta ce, "Ɗan nan, ka ɗaure ta kamar akuya?" Sannan ta tambaya ko ina sa safa biyu. Ciwon gwiwarta ya tashi, ba ita ta faɗa mini ba, a bakin matar Yaya na ji. Bikin autarmu kuma bayan ƙaramar salla ne. An riga an rubuta sunana a gaban gado da kujeru, kuma har yanzu ba wanda ya tambaye ni ko zan samu zuwa.