Ganyen dil da dankalin Jos

Ƴan uwa in kun ci karo da ganyen dil a kasuwar Farin Gada ta Jos kar ku wuce, siriri ne kamar ganyen karas, dama danginsu ɗaya, kuma sanyi yake so shi yasa Jos ta karɓe shi. Ni dai a kan dankalin turawa nafi sonshi, ki dafa ki tsane ruwan, ɗan bota, gishiri, tafarnuwa, sai ki yayyanka dil ki barbaɗa bayan kin sauke, don in ya daɗe a wuta ƙamshin guduwa yake wallahi. Kifi ma yana ɗauka sosai, haka kokwamba da yogot. Amma a miyar kuka? A'a dan Allah.