Bindiga a ƙugu, hannu a kan sitiyari

A Katsina inda na tashi, ƙaramar bindiga kayan ɗan sanda ce da soja, farar hula kuwa iyakarsa harbi-ka-ruga ta farauta. Shi ya sa ranar da na fara ganin wani dattijo a gidan mai a birnin Houston na jihar Teksas ta Amurka yana zuba wa motarsa fetur da bindiga a ƙugu, kowa kuma yana harkar gabansa, sai da gabana ya faɗi. Daga baya na fahimci cewa jihar Teksas ta halatta wa masu lasisi fita da ita a fili tun farkon 2016, kuma daga 1 ga Satumba, 2021, wanda ya kai shekara 21 kuma doka ba ta haramta masa ba yana iya ɗaukarta ko babu lasisi.

Bayan na sami katin zama na dindindin, aikin kai kaya da dare ya sa na sayi tawa. Duk da haka na je na nemi lasisin, domin ina son a koya mini. A ajin ne malaminmu ya nuna mana abin da ban taɓa kawowa a raina ba, wato yawancin lokutan da mutum ke taɓa bindigarsa a bainar jama'a, a cikin mota ne ko a bakin ƙofarta.

Na gane gaskiyarsa a Juma'ar farko. Masallacin da nake zuwa ya liƙa sanarwar hana shiga da makami, don haka dole in bar ta a mota, ga jama'a suna wucewa da 'ya'yansu, ga doguwar rigata tana sarƙewa da bel ɗin kujera. Ƙa'idar da na riƙe tun daga ranar ita ce ba na zare ta daga kube. Ina ciro ta tare da kuben, kunamarta a rufe, bakinta yana kallon ƙasa, in kulle ta cikin akwatin ƙarfe da ke ɗaure da waya a ƙarƙashin kujera, kuma ina yin wannan tun kafin in shiga wurin fakin, inda babu idon kowa. Ɓarayi sun san ana barin bindigogi a motoci, su suke nema idan sun fasa gilashi, kuma a ganina wanda ya jefa tasa ƙarƙashin tabarmar mota ya tafi ya ɗauki alhakin duk wanda za a harba da ita.

Abin da ya fi yi mini wuyar bari shi ne tarbiyyar gida. A can idan ɗan sanda ya tsayar da kai, ladabi ne ka fito ka tare shi da "ranka ya daɗe". A nan wannan ladabin yana iya zama ajalinka. A watan Yulin 2016 wani ɗan sanda ya kashe Philando Castile a jihar Minesota, baƙar fata mai lasisi, yana zaune a motarsa, bayan ya faɗa wa ɗan sandan da bakinsa cewa yana ɗauke da bindiga. Wannan labari bai taɓa fita daga raina ba.

Sau ɗaya aka tsayar da ni, saboda fitilar baya da ta mutu. Na kashe mota, na sauke gilashi, na kunna fitilar ciki, na ɗora hannuwana biyu a kan sitiyari. Na ce masa ina da lasisi, bindigar tana ƙuguna na dama, walat ɗina kuma yana aljihun hagu, sannan na tambaye shi yadda yake so in yi. Ya ce in ɗauko a hankali. Na miƙa masa lasisin tuƙi da na bindiga tare, kamar yadda dokar jihar ta tanada, ya duba, ya ce in gyara fitilar. Bayan ya tafi na yi kusan minti goma a gefen titi kafin hannuna ya daina rawa in iya tayar da mota.