Asabar, 13 ga Afrilu 2024: ranar da na raka baƙuwata ƙetaren kogi

Tun da na idar da sallar asuba hankalina bai kwanta ba, domin tun jiya ake yaɗawa a WhatsApp cewa yau za a fito a tsakiyar Yamai a nemi sojojin Amurka su tattara nasu ya nasu su bar ƙasar, alhali a ɗakin baƙinmu Ba'amurkiya ce ke kwance, kwananta biyar ke nan a gidanmu. Ba jiya ko shekaranjiya muka san ta ba. Ta yi shekara biyu cur a ƙauyenmu da ke kusa da Matamaye lokacin ina 'yar firamare, tana cikin matasan nan 'yan sa kai na Peace Corps da suka fara zuwa Nijar a 1962, aka kuma kwashe su a Janairun 2011 bayan an sace wasu samari Faransawa biyu a wani gidan cin abinci a nan Yamai. A tsakar gidanmu ta koyi daka da jan guga, a bakin Inna kuma ta tsinci Hausa, shi ya sa har gobe idan ta buɗe baki sai ka ɗauka wata dattijuwar Damagaram ce ke magana.

Niyyarta ita ce ta je ƙauye ta yi wa Inna barka da salla, ta kuma yi ta'aziyyar waɗanda aka rasa a bayanta, amma da ta sauka aka shaida mata cewa baƙo irinta ba ya fita daga Yamai sai da rakiyar jami'an tsaro, kuɗin rakiyar kuwa ya fi ƙarfin aljihun malamar makaranta. Sai Inna, da ciwon gwiwarta da komai, ta hau babbar mota ta yi tafiyar kusan kilomita 900 don ta ga 'yarta, kamar yadda take kiranta.

Muna shan koko maigida ya ce a ganinsa kada ta leƙa ko ƙofar gida yau. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce ta riga ta yi wa wani tsohon maƙwabcinmu alkawari, wanda ke jinya a gidan ɗansa a Harobanda, unguwar da ke ƙetaren kogi, kuma ba ta san ko za ta sake samunsa da rai ba idan ta jinkirta. Da na ga ba za ta fasa ba, na ɗauki mayafina na ce to ƙafarta ƙafata.

A cikin taksi aka fara. Direban ya dube ta ta madubi har sau biyu, sannan ya tambaye ni ƙasa-ƙasa ko Bafaranshiya ce. Tambayar tana da nauyi a garin nan, domin kowa na tuna ranar 30 ga Yulin bara da jama'a suka far wa ofishin jakadancin Faransa kwana huɗu bayan juyin mulki, kuma a watan Disamba ne sojan Faransa na ƙarshe ya fita. Kafin in buɗe baki ita ta amsa: "Malam, ina kwana, yaya aiki? Ni Ba'amurkiya ce." Motar ta yi tsit. Wani saurayi da ke gaba ya juyo gaba ɗaya, ya ce to madalla, yau ya samu wanda zai tambaya. Ya ce sojojinsu kusan dubu ne a ƙasar nan, sun gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas da ya ci fiye da dalar Amurka miliyan 100, amma mutanen Tillaberi ana yanka su a gonakinsu da kasuwanninsu, to me jiragen ke gani daga sama? Ya kawo zancen tawagar gwamnatin Amurka da ta zo a watan jiya ƙarƙashin Molly Phee da Janar Michael Langley, wadda hukumomi suka ce ta yi musu magana cikin raini, har kakakin gwamnatin soja, Kanal Amadu Abdramane, ya fito a talabijin ranar 16 ga Maris ya sanar da soke yarjejeniyar soja da Amurka. Muryarsa tana rawa, daga baya kuma ya ce ƙaninsa soja ne.

Na lura hannunta ya damƙe bakin jakarta har jijiyoyi suka fito, amma ba ta katse shi ba. Da ya numfasa ta ce masa ba ta zo da bakin gwamnati ba, ba kuma za ta yi masa ƙaryar cewa tana da amsar tambayarsa ba, sai dai jinin mutanen Tillaberi abin baƙin ciki ne, Allah ya jiƙansu, Allah kuma ya tsare masa ƙaninsa. Ya ce amin a taƙaice, ya ƙara da cewa, "Idan kin koma ki gaya musu." Ya sauka bai yi sallama ba. Wata Hajiya da ke gefenta, wadda ba ta ce uffan ba tun da muka shiga, ta ɗora hannu a gwiwarta ta ce, "Ki yi haƙuri, baiwar Allah, zuciya ce." Direban kuma ya kauce wa hanyar da taron yake, ya zaga da mu ta nesa, bai ƙara ko dala a kan kuɗin da muka yi ciniki ba. Daga can mun hango tutocin Nijar da na Rasha suna kaɗawa, ba mamaki, tunda a cikin makon nan masu horar da soja daga Rasha suka sauka.

Kafin mu hau gada aka tsayar da mu a wani shinge. Jami'in ya gaishe mu da ladabi, amma da ya ga shuɗin fasfo sai fuskarsa ta sauya, ya tafi da shi wurin na gaba da shi, muka tsaya cikin ranar bazara kusan rabin awa gumi na tsiyaya. Ya dawo ya ce ta buɗe hotunan wayarta, ya dinga wucewa ɗaya bayan ɗaya: Inna a kan tabarma, tuwon salla, yaranmu da sababbin kaya. Sannan ya juyo kaina ya ce, "Hajiya, ke kika ɗauki nauyinta?" Na ce ni ce. Ya rubuta sunana da unguwarmu da lambar wayata a wani littafi. A nan ne gabana ya faɗi sosai, domin na gane cewa ita tana da tikitin jirgi a jaka, ni kuwa nan ne gidana da aikina. Muna tsallaka kogi ta nuna mini ruwan da ya janye ya bar yashi, ta ce a hankali, wannan gadar da sunan Kennedy ake kiranta, da taimakon Amurka aka gina ta a 1970, kuma shi ne shugaban da ya kafa ƙungiyar da ta kawo ta ƙauyenmu.

Tsohon ya gane muryarta tun kafin ta shiga ɗaki, ya yi ta kuka, ita ma haka.

A hanyar dawowa ta ba ni labarin 2003, lokacin da Amurka ta afka wa Iraƙi, da yadda wasu 'yan ƙasarsu masu yawo a Turai suka riƙa ɗinka tutar Kanada a jakunkunansu don gudun tsangwama. Ta ce ita ba ta taɓa yi ba, domin wanda ya ɓoye asalinsa ga mai masaukinsa ya ci amanar gishirin da ya ci. Wannan magana ta ƙara mata daraja a idona. Ni dai ra'ayina bai sauya ba, ƙasa tana da ikon cewa sojan waje ya tafi, kuma tambayar saurayin nan tambaya ce ta gaskiya da ta cancanci amsa daga masu mulki a Washinton. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda kayan da manya suka ɗaure ke sauka a kan mace ɗaya mai furfura a bayan taksi, kamar yadda ya sauka a kan Musulmin Amurka masu kallabi da gemu bayan 11 ga Satumban 2001, su ma ba su ci nanin ba nanin ta ci su.

Yanzu goma na dare ta wuce, zafi ya koro mu tsakar gida. Inna ta ƙunsa mata lalle a hannu biyu ta ɗaure da leda, don haka ni ke karanta mata saƙonnin da ke shigowa wayarta. 'Yarta ta turo sau uku tana roƙon ta matso da ranar tafiyarta, ta ce in rubuta mata cewa za su yi magana da safe. Inna ba ta san abin da aka rubuta ba, tana ta lissafa mata waɗanda suka yi aure a ƙauye da waɗanda suka haihu. Tawa wayar kuma na ajiye ta kusa da matashina ban kashe ba, ko da jami'in nan zai kira.