Aikin Nawa, Sunan Na Oga

Da aka buɗe neman alƙalai a Babbar Kotun Tarayya, ko ɗar ban ji ba. Sashe na 250 na Tsarin Mulkin 1999 shekara goma da zama lauya yake nema, ni kuwa na daɗe da barin makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda. Shari'o'in da sashe na 251 ya keɓe wa kotun, su haraji da kwastan da bankuna da kamfanoni, a cikinsu na yi furfura.

Takarda ce ta kayar da ni. Ƙa'idojin Majalisar Shari'a ta Ƙasa (NJC) na 2014 sun ce lauya mai zaman kansa ya kawo kwafin hukunce-hukuncen shari'o'in da aka fafata, waɗanda shi da kansa ya gudanar. Na karɓo kwafin daga rajistara, na duba ƙasan kowanne: sunan oga, mai ofishin lauyoyin da nake aiki a ciki. Ni na tsara ƙarar, ni na yi wa shaidu tambayoyi, ni na kwana ina rubuta jawabin ƙarshe. Ranar yanke hukunci sai ya sa rigarsa ya zo ya sanar da kansa, ni kuma a maƙala ni a baya da "tare da", wani lokacin ma babu.

Na same shi na ce, "Ranka ya daɗe, ka ga inda abin nan ya kai ni." Ya yi murmushi, "Haba ɗana, ai ofis ɗaya ne." Ofis ɗaya ne, amma kujerar alƙali ba ofis ake bai wa ba.

Abin da ya fi ci mini rai, shari'o'in da na sasanta, waɗanda na fi alfahari da su, ban iya sa su a lissafi ba, tunda ba a fafata har ƙarshe ba. Sunana bai ma wuce Hukumar Kula da Ayyukan Shari'a ta Tarayya ba, balle NJC, balle teburin Shugaban Ƙasa.

Ƙanina lauya, duk zaman da ka yi a kotu ka tabbata sunanka ya shiga rubutun alƙali. Ranar hukunci ka je da ƙafarka, ka biya kuɗin kwafi mai hatimi tun fayil bai shiga sito ba. In oga ya ce zai leƙo ranar, da ladabi ka tambaye shi sunan wa za a rubuta.

Tun 2023 alƙalan Babbar Kotun Tarayya sai sun kai shekara 70 suke ritaya, don haka guraben ba sa buɗewa da wuri. Na bar wancan ofishin, na buɗe nawa.